A Yi Dariyar, Bazara Na Tafe

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki, ya ku 'yan majalisar Gubuchi. "Mutum da hankalinsa ya je Zariya, ya bar otal-otal ɗin Sabon Gari masu fanka da talabijin, ya shige cikin ganuwa, ya zare kuɗi ya biya don ya kwana a ɗakin ƙasa? Irin wanda muka rushe muka zuba bulo?" To Alhaji, ajiye raken nan tukuna, gyara zama.

Makarfi da Ikara da Kudan duk ƙasar Zazzau ce, saboda haka ku Zage-zagi ne, babu ja. Amma wa a cikinku ya taɓa wayar gari a cikin birni? Da hantsi kuke shiga, ku sauke buhunan masara da kwandunan tumatir, la'asar sakaliya kuna tasha kuna rigimar gidan gaba. Ƙofar Doka ta tagar mota kuka san ta. In aka ce ku nuna Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana, sai sosa ƙeya.

Masaukina soro ne a wani tsohon gida da ba shi da nisa da fada. Ka wuce zaure, ka ratsa shigifa, sai ɗakin baƙi. Kaurin bangon ya haura kamu guda, sama kuma azara ce a jere, hayaƙin shekaru ya mai da ita baƙa wuluk. Da azahar, lokacin da kwanonku ke gasa ku har ku kwaso tabarma ku nufi gindin darbejiya, ni barci nake. Tubali a hankali yake shan zafin rana, ba ya sakinsa sai dare ya yi. An kawo wuta, an ɗauke wuta, babu ruwan soro.

"To sauro fa? Kunama fa? Bayi fa?" Haba Malam! Kai da ke kwana gefen fadamar rake, kai ne za ka ji tsoron sauron birni? Bayi kuwa na tsuguno ne, ga buta a cike. Kada ka yi mini kamar a Landan aka yanke maka cibiya.

Da asuba ka taka zuwa Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Da ƙasa da azara ya tayar da ginshiƙai da bakan gizo, ba siminti, ba rodi. Daga baya an lulluɓe shi da ginin zamani, amma aikin Gwani na nan a ciki. Har kwafinsa aka gina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos don masu nazari. Naku bulon da kuke taƙama da shi, damina nawa ya yi kafin ya tsage?

Biyan kuɗi don kwana a gidan mutane ma ba baƙon abu ba ne. Fataken da can wajen fatoma suke sauka, ya ba su ɗaki, ya adana kaya, ya nemo masu saye, ya ci la'adarsa. Yau a Fas da Marrakesh ta Maroko Turawa ke tururuwar kama ɗaki a tsofaffin gidajen cikin birni. Agadas ta Nijar kuwa, gine-ginen ƙasarta ne suka sa UNESCO ta sanya tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Gaskiyarku guda ce: soro ba ya son raggo. Kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe, an shafa makuba, an gyara indararo, in ba haka ba Agusta ta tona asiri. Ashe ba ƙasar kuka guje wa ba, aikin kuka guje wa.

Saboda haka wanda soronsa ke tsaye ya bar shi tsaye. In kun sake kai kaya Zariya, ku nemi masauki a Kwarbai ko Anguwan Juma, ku kwana, sannan mu yi gardama. Wanda kuma uwargida ce ba za ta bar shi ya kwana waje ba, ya fito fili ya faɗa, ya daina ɗora wa kunama laifi.