Kowa Koci Ne a Teburin Mai Shayi

Mu a Unguwar Mu'azu ba ma jiran koci ya fitar da sunayen ƴan wasa. Da an idar da sallar isha'i mun fitar da namu a teburin mai shayi, mun ajiye wani a benci, mun kori gola. Matasa su ce a sa masu buga wasa a Turai, dattawa su ce sam, a nemi ɗan gida da ya san rana da ƙura.

"Kai yaro, ka san Ranchers Bees?" in ji wani dattijo. "A 1988 sun kai wasan ƙarshe na kofin ƙungiyoyin Afirka, daga nan Kaduna. A cikinsu Amokachi ya taso."

"Baba, ai wancan zamani ya wuce."

"Ya wuce? A Atlanta, 1996, da muka ci Ajantina uku da biyu, Babayaro da Amokachi ne suka ci biyu. Ga Tijjani Babangida, ga Garba Lawal. Duk ƴan garin nan ne!"

Daga nan musu kan gangaro kan fili, kuma a nan ni ma nake ɗaga murya. Har yau ana tuna 2016, ranar da filin Ahmadu Bello ya cika ya batse, Etebo ya ci, Salah ya farke wa Masar dab da tashi. Wasu suka ɗora wa koci Siasia laifi, wasu suka ce ciyawa ce. Amma filin da ya fi damuna shi ne na yaranmu. Da damina taɓo ne, ƙwallo ta faɗa ruwa ta tsaya cak. Da hunturu ƙasa ta bushe ƙamas, ga tsakuwa, gola ba ya yarda ya yi tsalle don gudun kurjewa. Yaron da ya koyi tare ƙwallo a irin wannan wuri, wallahi ƙafarsa ta ƙware, kuma ya cancanci a zo a gan shi. Su kansu filayen kullum raguwa suke, yau an kewaye, gobe an sa harsashin gini.

Shi ya sa ranar Asabar muke fita da shebur da baro, a cike ramuka, a tsince kwalabe, a ja layi da toka. Wanda bai zo aikin ba, ko shi ne gwanin unguwa, benci zai zauna a wasan yamma.