Dakta Ya Koma Yaron Shago?

Na ji ku, 'yan majalisa. Tun da na ce akwai wani bincike da ake yi bayan digirin digirgir, wanda masu abin ke kira fosdok, kuke ta yi mini dariya. Wani dattijo har da buga ƙafa: "Yaro ya shekara talatin da biyar, an kira shi Dakta, an yi walima an ci kaji, sannan ya koma riƙe wa wani farfesa kwalabe? Aure fa? Gida fa?"

Baba, ka yi haƙuri, ba makaranta ya koma ba. Ba jarrabawa, ba kuɗin rajista, biyansa ma ake yi duk wata. Ko makanikin da aka yaye yakan ɗan zauna garejin wani babban oga kafin ya kafa nasa, kuma ba ku taɓa cewa ya lalace ba.

Wayar nan da kake latsawa kana yi mini ba'a, buɗe bayanta ka dubi batirin. A 1980, a Jami'ar Oxford ta Ingila, wani mai bincike ɗan Japan, Koichi Mizushima, yana aiki a ƙarƙashin John Goodenough, suka gano cewa haɗin litiyam da kobalt na riƙe caji. Kamfanin Sony ya kai batirin kasuwa a 1991. To, a nan kuna da 'yar gaskiya: da lambar Nobel ta zo a 2019, Goodenough aka ba, yana da shekara 97, tare da wasu biyu, ba Mizushima a ciki. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Na yarda, akwai wannan a sana'ar.

Amma yaron shago ma yakan zama mai shago. Wani mai bincike, Andre Geim, ya yi irin wannan zaman fosdok a Nottingham da Bath da Kopenhagen. Har kwaɗo mai rai ya taɓa sa ya tashi sama da ƙarfin maganaɗisu. Da a majalisarku aka yi, da tuni kun ce a kai shi a yi masa ruƙiyya. A 2004 a Manchester, shi da Konstantin Novoselov suka riƙa manna salatif a jikin baƙin abin nan na cikin fensir suna ɓarewa, har suka samo ɓawon da kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya ce tak. Shi ne girafin. Nobel ta biyo baya a 2010. Salatif fa, irin na mai naɗe littafi a bakin kasuwa.

Sai mai cewa, "Ai wannan na Turawa ne." Cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, Abdus Salam ɗan Pakistan ne ya kafa ta a 1964, don masanan ƙasashe masu tasowa. Gidauniyar Humboldt ta Jamus na da tallafin Georg Forster, shi ma na irinmu ne, har zuwa wata 24. Tarayyar Turai na da na Marie Curie. Abin da suke tambaya shi ne me ka wallafa, me kake son bincikawa, wane farfesa ya yarda ya karɓe ka. Ba mai tambayar ɗan wane ne kai.

Ga litiyam ana haƙowa a Nasarawa, mu kuma muna sayen batiri daga waje. Idan ɗanka Dakta ya ce zai tafi shekara biyu, Baba, ka sa masa albarka. Sannan ka cire wayar daga caji, ta cika tun ɗazu.