Yadda Ake Zaman Lafiya da 'Yar Ƙaramar Mota Mai Shan Gas

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, masu ƙananan motoci suka fara kallon allurar mai da idon tuhuma. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. A lokacin kuwa gas ɗin CNG naira 230 ake sayar da ma'auninsa. Duk wanda wannan lissafi ya ja shi ya kai 'yar otomatik ɗinsa aka saka mata tukunya, to akwai ladubban da babu wanda zai karanta masa a gareji.

Da farko zai yi bankwana da but. Tukunyar ƙarfe mai lita 60 ta fi buhun siminti nauyi, kuma in ta kwanta a bayan Yaris ko Picanto, abin da ya rage bai wuce wurin ledar tumatir ba. Kamfanin Tata na Indiya, da ya fito da Tiago mai gas da giyar otomatik a 2024, ya yi dabarar raba tukunyar biyu ya cusa su ƙarƙashin daɓen but. Mai motar da aka juya a nan ba shi da wannan gata. Amma fa akwai alheri a ciki: ranar kai amarya, da an nufo shi da akwatunan lefe, sai ya buɗe but ya ja gefe ya yi shiru. Hujja ta gama magana.

Kada ya yi gaggawar sakin fetur saki uku. Yawancin motocin da aka juya da fetur suke tashi, sai inji ya ɗumama sannan su koma gas da kansu. Wanda ya bar tanki ƙaf don nuna wa NNPC fushi zai ƙona famfon mai, ya kuma wayi gari mota ta ƙi tashi. Tura ma ba za ta cece shi ba, don otomatik ba ta tashi da turi, ko da samarin unguwa duka sun fito. Kwatan tanki ya isa a zauna lafiya.

Sai maganar layi, wadda ita ce ainihin kuɗin da ake biya. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, tun 2020 aka ƙaddamar da aikinsa, gas ɗin Arewa kuwa ya saba zuwa ne a bayan tirela. Saboda haka mai hikima yana fita da sallar asuba, da filas ɗin shayi da cajar waya. Sammakon ba na tsoron layi kaɗai ba ne: tukunya a kan matsin bar 200 take cika, kuma gas mai sanyi ya fi shiga da yawa fiye da na tsakar rana. In matsin gidan gas ya yi ƙasa, za a ce masa ta cika alhali rabi da 'yan kai ta sha. Cikakkiyar ma, a ƙaramar mota, tafiyar Kano zuwa Kaduna sai an haɗa da fetur.

A kan titi zai ji ƙarfi ya ɗan ragu. In ya kunna AC, ya ɗauki mutum huɗu, ya tunkari gada, giya za ta tsaya shawara kafin ta sauko. Masu Keke za su wuce shi. Ya ɗaga musu hannu cikin mutunci, ya kuma riƙa canza fulogi a kan kari, don gas ba ya yafe wa tsohon fulogi.

Abu guda ne babu raha a cikinsa. CNG ba gas ɗin girki ba ne, matsinsa ya ninka na tukunyar kicin sau da dama. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin, mutane suka jikkata, aka kuma gano tukunyar haɗin mai walda ce. Duk bakaniken da ya ce zai ƙera ta da rabin kuɗi, a gaishe shi, a tambayi lafiyar iyali, a ja mota a nufi cibiyar da gwamnati ta tantance.