Ladubban Raba Fili Tsakanin Mai Keke da Mai Mota a Ƙasar Galma

Masu yawon duniya sun ba mu labarin cewa a manyan biranen Turai da Amurka akwai lambuna na musamman waɗanda hukuma ta keɓe domin jama'a su sha iska, aka shata wa mai keke hanyarsa da farin fenti, aka shata wa mai tafiya a ƙasa tasa, har ma a shekarar 2018 mahukuntan birnin New York, da suka ga gardamar raba fili ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, suka hana motocin jama'a bin hanyoyin babban lambunsu da ake kira Central Park. Mu kuwa a nan Galma Kudawace, da sauran garuruwan da ke tsakanin Madawa da Buza har zuwa Keita, Allah bai hore mana lambu mai ƙofa da mai gadi ba, amma ya hore mana filin kasuwa, da filin idi, da dandalin da samari ke buga ƙwallo bayan la'asar, da inuwar jerin itatuwan bedi irin waɗanda aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 domin tare iska, kuma a waɗannan wurare ne keke da babur ɗin kabu-kabu da amalanken jaki da raƙumi da gingimarin albasa suke haɗuwa a sa'a guda, ba fenti, ba jandarma, sai dai abin da kowa ya fito da shi daga gida na hankali da kunya. Saboda haka na ga ya dace in tsara ƴan shawarwari, cikin raha amma da zuciya ɗaya, domin na ga ƙwaryar nonon wata tsohuwa ta tarwatse a gaban tayar wani yaro, na kuma ga yadda ta tsaya tana duban cinikin yininta yana nutsewa cikin yashi, abin bai bar raina ba har yau.

Asalin wannan babi ba sabo ba ne a wurinmu, gama tun muna gaban malam aka karantar da mu cewa mahayi shi ke fara yi wa mai tafiya a ƙasa sallama, mai tafiya kuma ya yi wa na zaune, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Wanda ya yi tadabburi a kan wannan tartibi zai tarar an riga an rubuta mana dokar hanya tun kafin a ƙera mota: duk wanda ya fi tsawo a kan abin hawansa, shi ne nauyin ladabi ya fi hawa kansa. Direban gingimari ya girmama mai ƙaramar mota, shi kuma ya girmama mai babur, mai babur ya girmama mai keke, mai keke ya girmama mai tafiya a ƙasa, dukkansu kuwa su girmama yaron da ya biyo ƙwallonsa da gudu bai duba gabas ko yamma ba. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ma, wanda ya rasu a shekarar 996 ta Miladiyya, ya bayyana a cikin littafinsa Risala cewa mai kora dabba da mai janta da mai hawanta su ke ɗaukar lamunin abin da ta taka. To, idan an ɗora wa mai jaki lamuni alhali jakin yana da nasa ra'ayi, ina ga wanda yake riƙe da ƙarfen da ba ya motsi sai da izininsa?

Bari in fara da kai, ƙanena mai keke, tun da kai ne ka fi yawa kuma kai ne ƙashinka ya fi kusa da ƙasa. In ka yarda in ari harshen masu fiƙihu, sai in ce farillan keke uku ne: birki, da ƙararrawa, da fitila. Birki shi ne na farko, kuma ina nufin birki na haƙiƙa mai roba da waya, domin diddigen takalminka da kake gogawa a bayan taya, ko da ya yi maka hidima shekara biyu, ranar da ka gangaro daga tudun Adar da buhun gero a kariya zai ba ka haƙuri. Kuɗin da za ka ba mai faci ya gyara maka birki bai kai abin da za ka ba mai ɗori ba, balle kwanakin jinya a lokacin shuka. Ƙararrawa kuwa sallamar keke ce, a kaɗa ta tun daga nesa, sau ɗaya ko sau biyu, yadda tsoho zai sami damar waiwayawa cikin natsuwa; wanda ya bari sai ya iso bayan kunnen mutum sannan ya kaɗa, ya mai da sallama tsawa, ladanta kuma ya zube. Fitila ita ce wadda aka fi wasa da ita, alhali mai keken da ya taso daga kasuwa bayan magariba cikin baƙar riga, ba fitila a gaba, ba jan madubi a baya, ya zama tamkar aljani ga direba, ba a ganinsa sai an iso kansa. Ko ƴar tocilan ce ka ɗaura da roba, ka sa farar hula, ka taimaki wanda ke son ya kauce maka.

Mustahabban keke kuma suna da yawa, amma wanda ya fi cancantar ambato shi ne na babbar riga. Alhaji, rigarka ta sha aiki ta sha bugu, kuma kowa ya shaida kyanta a filin idi, sai dai sarƙar keke ba ta san shadda ba. Ka tattara hannuwan rigar bisa kafaɗa, ka soke ƙafar wando, kafin ka ɗora ƙafa a feda, don kada ku yi kokawa da kekenka a gaban surukai. Haka nan goyo: mutum ɗaya a kariya ya wadatar, kuma in ƙaramin yaro ne a lura da ƙafarsa kada ta shiga waya. Abin da nake roƙon samari su bari gaba ɗaya, ba da wasa ba, shi ne kama bayan babbar mota don ta ja su a hawan tudu, da kuma raɓawa ta gefen damanta lokacin da za ta karya kwana. Direban yana zaune can sama ta hagu, akwai wuraren da madubinsa ba ya kaiwa, tayoyin baya kuma suna yanke kwana fiye da na gaba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, ka tabbata shi ma bai san da kai a duniya ba.

Yanzu sai kai, malam direba, kuma da kai zan daɗe, domin kai ne babban yaya a wannan fili. Mun san wahalarka. Mun san idan kakar albasa ta kama, daga kwarin Tarka har zuwa Galmi, buhuna masu nauyin fiye da kilo 100 suna jiran a kai su Akara da Abijan da Kwatano, mai kaya yana ƙirga kwanaki, rana kuma ba ta tausayin albasa. Amma ka sani, gudun da kake yi a kan kwaltar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Ƙonni da Madawa ta nufi Maraɗi da Damagaram, amana ce ta kwalta, ka ajiye ta a can. Idan ka sauko cikin gari ka shigo filin da mata ke shanya kaya, yara ke wasa, sai ka yi tafiyar raƙumin da ya ƙoshi. Lissafin a fili yake. Motar da ke gudun kilomita 30 a sa'a tana cin mita 8 da ɗoriya a cikin daƙiƙa guda, wato kafin ƙafarka ta bar totur ta sami birki; mai gudun 60 kuwa tana cin kusan mita 17, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke bukata ninkawa yake sau huɗu, wannan ma a kan kwalta ke nan, balle a kan yashi da tsakuwa inda taya ke sulɓewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ke rasuwa kowace shekara a haɗarin hanya, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, wato irin mutanen da ke cika kasuwarmu.

Idan za ka wuce mai keke, ka bar masa fili. A dokar Faransa an ƙayyade mita ɗaya a cikin gari, mita ɗaya da rabi a bayan gari. Mu ce kamu uku da awon tela, yadda ko ya kauce wa rami ko ɗan akuya ba zai faɗo ƙarƙashinka ba. Oda kuma a yi ta da sauƙi tun daga nesa, gama odar gingimari a bayan ƙeyar yaro ba ta koya masa komai sai rawar hannu, rawar hannu kuwa ita ke kayar da keke. A lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya sauko har ba a rarrabe dutse da bukka, ka kunna fitila ko da rana tsaka ce, ka tuna kuma ƙurar da ka tayar ta zama bango ga wanda ka bari a baya. Motar da fitilarta ɗaya ta mutu, a gyara ta kafin dare, domin mai keke yana ɗaukarta babur, ya ba ta hanyar babur, alhali sauran rabinta na tafe cikin duhu. Kada ka ja da baya a tasha ko a kasuwa sai yaron motarka ya sauka ya leƙa ƙarƙashi, saboda inuwar mota wurin ƙailula ce ga yara da awaki. Mutanen Holan kuma suna da wata ɗabi'a da ta cancanci aro: direba yakan buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita, dole jikinsa ya juya, idonsa ya faɗa kan mai keken da ke tahowa.

Ɗan kabu-kabu, kai kana tsakiya, ƙane ga mota, wa ga keke, saboda haka duk abin da na faɗa wa su biyun ya hau kanka, da ƙarin hular kwano.

Saura jaki da raƙumi, waɗanda suka riga mu duka mallakar waɗannan hanyoyi tun zamanin da ayarin Kel Geres ke sauko da gishiri daga arewa. Jaki ba ya karanta allon hanya, ba ya jin oda sai in ya ga dama, kuma idan ya tsaya a tsakiyar fili yana tunani, babu hujjar da za ta ɗaga shi sai haƙuri. Yaron da ke kan amalanken ma sau da yawa bai wuce shekara goma ba, ya fito ɗebo ruwa ne, duro biyu a bayansa, ba shi da birki sai igiya. Raƙumi kuwa yana firgita da ƙarar inji, kuma shurinsa yana kaiwa gefe, don haka a rage wuta, a ba shi kamu shida maimakon uku, a ɗaga wa mai shi hannu. In kuma ƙaddara ta faɗa aka yi karo, a fara ɗaukar wanda ya ji ciwo a hankali, ba tare da an lanƙwasa wuyansa ko bayansa ba, a nufi likita da shi a Madawa ko Galmi, mutum biyu su tsaya su tsare keken da kayan da suka zube, maganar wa ke da laifi kuwa a bar ta sai an dawo an zauna a ƙofar mai gari.