Mai Martaba Yana Jiran Sabon Wasa

Ƙanena ya daina cin abinci kan lokaci. Ba ciwo ba ne. Labari ya ji wai kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin na shirin sako wani sabon abu, na sarauta da yaƙi irin na zamanin da.

Tun da wasansu na kwamfuta, Crusader Kings III, ya fito a 2020 muke fama. A cikinsa yakan fara daga shekarar 867, a matsayin Daurama ta Daura, ya yi ta cin ƙasashe har ya kusa Masar. Duk a kan tabarma, a Yelwa, da singileti.

Yanzu shiri yake. Ya sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, ya zana taswira. Birnin Yauri ce fada. Wara sansani. Shanga kuwa, ya ce da aure za a jawo ta, ba sai an zub da jini ba. Jiragen Gungawa, waɗanda muke kallo ranar Rigata, su ne rundunar ruwa. Na tuna masa a wancan zamanin babu tafkin Kainji, sai 1968 aka tare kogin. Ya ce zai duba lamarin.

Inna ta ji zancen auren Shanga, ta ajiye ludayi.

"Auta, 'ya'yan sarki nawa ka aurar a cikin abin nan?"

"Sun fi ɗari, Inna."

"Madalla. Kai fa?"

Mai Martaba bai amsa ba. Wuta ta ɗauke. Ya rungumi daularsa a hammata, ya nufi shagon mai caji, Inna ta bi shi da kuɗin kifi.