Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Akwatin Ƙorafin Ma'aikatarmu

Ranka ya daɗe Malam Akwati,

Ina yi maka barka da hutawa, domin duk faɗin ma'aikatarmu ban san wanda ya kai ka samun hutu ba. Tun ranar da aka kafe ka a bango, aka shafa maka koren fenti, aka rubuta a goshinka cewa kai ne mai karɓar koke-koke da shawarwari, ba ka taɓa makara ba, ba ka taɓa neman izinin zuwa ɗaurin aure ba, ba a kuma taɓa ba ka kweri ba. Ka ji, ka haɗiye, ka yi gum. Irinka ake nema a aikin gwamnati.

Kada ranka ya ɓaci don ka ga wasiƙar nan a jarida maimakon in zura maka ita ta baki. Mabuɗin kwaɗonka yana cikin aljihun teburin darakta, mafi yawan abin da ke cikinka kuwa a kan darakta aka rubuta shi. An kafe ka daidai inda tagarsa ke kallo. Sakatariyarsa ta san rubutun hannun kowa, har na masinjan da sa hannu kawai ya iya.

Daga Rigasa ta Kaduna nake rubuto maka, unguwar ƙananan ma'aikata: malaman firamare, nas-nas, akawuna, direbobin ofis, da waɗanda ke sammakon Litinin su kama jirgin ƙasa zuwa Idu, su dawo mana ranar Juma'a da labaran Abuja. Ƙorafin da ya kamata ya zo gare ka, a teburin mai shayi ake zazzage shi bayan isha'i. Can ba a buga hatimi, amma ana ba da amsa.

Bari in tuna maka kaɗan daga abin da ka haɗiye. Akwai takardar yaron da aka haifa a Rigasa, aka haifi ubansa a Tudun Wada, kakansa ne ya zo daga Katsina aikin masaƙa. Ya nemi aikin tarayya, fom ya tambaye shi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Gwamnatin jihar ta taɓa shelar cewa ta soke bambancin ɗan ƙasa da baƙo, amma fom ɗin Abuja bai ji shelar ba. Yaro ya tafi Turunku, hedikwatar ƙaramar hukumarmu ta Igabi, wani ya ce masa ya nemi garin kakansa. Ya je garin kakan, aka tambaye shi ɗan gidan wa ne. Akwai takardar ma'aikacin arewacin kogin Kaduna da ya rantse sunansa ne ya hana shi ƙarin girma, da ta na Sabon Tasha da ya rantse nasa sunan ne ya hana shi. Abin takaici, sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa, ofis ne kawai ya bambanta. Akwai ta matar da aka tsallake wajen tura ma'aikata kwas saboda wai kullum tana hutun haihuwa. Akwai ta mai keken guragu da aka kai teburinsa hawa na biyu, alhali dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyar shiga, ta kuma ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki.

Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta a yi wa ɗan Najeriya ɗan mowa da ɗan bora saboda ƙabila, ko asali, ko jinsi, ko addini, ko ra'ayin siyasa. Na san ka san wannan, don an sha rubuto maka shi da jan biro.

Amma wariya ba ita ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ke biyo bayan ƙorafi ne. Ka lura da yadda al'amura ke sauri da zarar mutum ya zura maka takarda? Fayil ɗin ƙarin girmansa da ya shekara yana barci ba zai farka ba, amma cikin mako guda za a gano cewa ya makara wata ranar Talata a bara. Kweri ya fito, a ba shi awa 24 ya yi bayani. Kafin ya gama bayani, taransifa ta iso, an ga cewa babu inda ake buƙatar ƙwarewarsa kamar Birnin Gwari. Ba a taɓa rubuta "saboda ka yi magana" a takardar. Abin da ake rubutawa shi ne "saboda buƙatar aiki". Bi-ta-da-ƙulli a gwamnati mai ladabi ne ƙwarai, da gaisuwa yake farawa, da "naka mai biyayya" yake rufewa.

Manya ma ba su tsira ba, sai dai nasu da man shanu. A Disamban 2007, makonni kaɗan bayan EFCC ta kama tsohon gwamnan Delta James Ibori, aka tuna cewa shugabanta Nuhu Ribaɗu yana buƙatar ƙaro ilimi a Kuru. Shekara ba ta zagayo ba aka rage masa girma. A Fabrairun 2014 Sanusi Lamiɗo Sanusi yana taro a Yamai aka dakatar da shi daga shugabancin Babban Banki, bayan ya ce akwai dala biliyan 20 na kuɗin mai da ba su shiga asusu ba. Gwamnati ta ce a'a, sakaci da kuɗin banki ne laifinsa. Abdulmumin Jibrin na Kiru da Bebeji ya yi maganar cushe a kasafin kuɗi, Majalisar Wakilai ta dakatar da shi na kwanakin zama 180 a 2016, sai a 2018 kotu ta ce dakatarwar ta saɓa doka. To, su waɗannan suna da lauyoyi da 'yan jarida, ɗayansu ma sarautar Kano ce ta tarbe shi bayan wata huɗu. Akawun da ke haya a Hayin Ɗanmani, me ke jiran sa in ban da mai gida da kuɗin makarantar yara?

A Disamban 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta tarayya ta fito da shirin kwarmata bayanai: ka tona ɓarawon gwamnati, a ba ka tsakanin kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Jama'a suka yi ta lissafi. Abin da ba a faɗa da ƙarfi ba shi ne, shiri ne kawai, babu dokar da ke tsaye a bayan mai kwarmaton. Majalisar Dattawa ta amince da wani ƙuduri a 2017, bai zama doka ba. Majalisar Zartarwa ta amince da wani daftarin a Disamban 2022. Ghana kuwa tun 2006 ta yi tata. Ana cikin tallar shirin kwarmaton ne aka sallami Ntia Thompson, mataimakin darakta a wata hukuma da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, a 2017, bayan ya kai rahoton dala 229,000 da ya ce an karkatar. Sai da ƙungiyoyi suka yi ta hayaniya aka maido shi. Aaron Kaase na Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ya kai ƙorafi kan naira miliyan 275 a 2015. ICPC ba ta sami shugaban hukumar da laifin sata ba, amma ta ce a mayar da sama da naira miliyan 130 baitulmali. Kuɗi suka kama hanyar gida, shi ma Kaase ya kama hanyar gida, an dakatar da shi, har sai da Kotun Ma'aikata ta ce a maido shi a 2017.

Mu a Kaduna ba sai an ba mu labari ba. A Afrilun 2021 gwamnatin jihar ta sallami dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, ta ce albashi na cinye kusan duk abin da take samu daga Abuja. Wannan hujja ce da za a iya zama a yi muhawara a kanta, ni ma ban ce babu cunkoso a wasu ofisoshin ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta kira yajin aikin gargaɗi na kwana 5 daga 17 ga Mayu. Wuta ta ɗauke, jirgi ya daina tashi daga tasharmu, asibitoci suka yi tsit. Amsar da ta fito daga Gidan Gwamnati na Sir Kashim ita ce ana neman shugaban ƙungiyar, Ayuba Wabba, ruwa a jallo saboda zagon ƙasa ga tattalin arziki, an kuma sanar da korar nas-nas ɗin da ke ƙasa da mataki na 14 saboda sun shiga yajin. Ka ji fa, ƙasa da mataki na 14. Ko fushin gwamnati ya san matakin albashi, ya san inda zai sauka bai ji ciwo ba. A rana ta uku aka janye yajin bayan gwamnatin tarayya ta shiga tsakani. Darasin da ƙaramin ma'aikaci ya ɗauka dai ba a janye shi ba.

Za ka ce ai akwai kotu. Gaskiyarka. Tun gyaran tsarin mulki na 2010 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke da hurumin sauraron ƙarar wariya da cin zarafi a wurin aiki, kuma tana yanke hukunci mai kyau. Dubi Omolola Olajide, 'yar sandar da aka kora a Ekiti a Janairun 2021 saboda ta yi ciki ba aure. Ni ba lauyan abin da ta yi ba ne, amma ciki ba mutum ɗaya ke yin sa ba, ƙa'ida ta 127 ta 'yan sanda kuwa mace kaɗai ta sani. A Janairun 2023 kotun ta soke ƙa'idar, ta ce a biya ta diyyar naira miliyan 5.

Tambayata a nan take, Malam Akwati: daga aljihun wa? Idan kotu ta ce an zalunci ma'aikaci, a biya shi albashinsa na shekaru da diyya, baitulmali ke biya. Wato harajin mai kayan miya na kasuwar Rigasa, har da harajin shi wanda aka zalunta. Ogan da ya sa hannu a takardar korar ba ya asarar ko sisi. Kafin a gama shari'ar ya zama babban sakatare, ko ya yi ritaya an yi masa walima da kyautar agogon bango. Biyan ma ba nan take ba: sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai Antoni Janar ya amince, wato sai lauyan wanda aka kayar ya yarda a karɓi kuɗi daga wanda yake karewa. Wa zai daina abin da ba ya jawo masa asara?

Amurka ta yi fama da irin wannan. Marsha Coleman-Adebayo, baƙar fata ma'aikaciyar hukumar kare muhalli, ta yi magana kan gubar da ke cutar da masu haƙar ma'adinai a Afirka ta Kudu, ta gamu da abin da masu magana ke gamuwa da shi. A shekarar 2000 kotu ta ba ta dala 600,000 saboda wariyar launin fata da ta jinsi. Shari'arta ce ta haifi dokar No FEAR, wadda Shugaba Bush ya sa wa hannu a Mayun 2002. Dabarar mai sauƙi ce: hukumar da aka kayar ita za ta biya daga kasafinta, ba daga asusun kowa da kowa ba, kuma dole ta riƙa wallafa adadin ƙorafin da aka kai a kanta. Daga baya suka ga hakan bai isa ba, suka ƙara cewa a rubuta hukuncin a fayil ɗin jami'in da ya aikata. Ban ce sun zama waliyyai ba. Sun dai gane cewa kunnen hukuma a jikin kasafinta yake.

Mu ma ba mu rasa hukumomi ba. Ga yayarka, Hukumar Sauraron Ƙorafin Jama'a, da aka kafa a 1975 zamanin Murtala, wadda Ɗanmasanin Kano Maitama Sule ya fara jagoranta. Tana bincike, tana ba da shawara, sai wanda aka ba shawarar ya ga dama. Ga Hukumar Raba Daidai ta 1996, mai gadin adalci wajen ɗaukar aiki, wadda a 2023 wani tsohon ma'aikacinta ya tsaya gaban kwamitin Majalisar Wakilai ya amsa cewa ya karɓi kuɗin masu neman aiki. Ya ce sama yake miƙawa, shugabar hukumar ta musanta. Na tabbata su ma suna da akwati irinka a bakin ƙofa.

Ba na neman a tsige ka, don na san za a kafa kwamitin sayo sabo, a kashe kuɗin da ya isa gina aji biyu. Roƙona a fitar da kai daga gaban tagar darakta, a damƙa buɗe ka ga wanda darakta ba ya rubuta masa rahoton ƙarshen shekara. Duk bayan wata uku a liƙa a allon sanarwa: takarda nawa ka karɓa, nawa aka amsa, mutum nawa cikin masu rubutowa aka yi wa taransifa. Idan kotu ta ci ma'aikata tara, a cire daga kuɗin tafiye-tafiye da sayen motocin manya, kada a taɓa alawus ɗin masu shara. Kwafin hukuncin kuma a maƙala shi a fayil ɗin ogan da ya sa hannu, a shafin farko, yadda kwamitin ƙarin girma zai fara cin karo da shi kafin takardun kwasa-kwasan da ya yi a Dubai.

Ka gaishe min da gizo-gizon da ke haya a cikinka. In ya tashi barin gidan ya sanar da ni, akwai wani malamin makaranta da aka riƙe wa albashi yana neman ɗaki.

Naka mai biyayya,
Wani ma'aikaci mai mataki na 08,
Rigasa, Ƙaramar Hukumar Igabi.

Kwafi zuwa ga:
Kwandon Shara, don sani da ɗaukar matakin da ya saba.