Yadda Za Ka Raba Manhajarka da Juye-juyen Banza

Duk wanda ya zauna Damagaram ya san ruwa ba abin wasa ba ne. Ɗan garuwar da ya turo kurarsa cikin lungunan Birni ba ya juye jarka a bokiti, bokiti a daro, daro a wata jarkar kafin ya kai randa, domin kowace juyawa lokaci take ci da ƙarfin damtse. To, ɗalibin Jami'ar André Salifou mai koyon rubuta manhaja, ga shawara ta farko: riƙe bayanan da ke ƙwaƙwalwar na'ura kamar yadda yake riƙe ruwansa. Hoto mai ɗigo miliyan 12, idan aka buɗe shi a ƙwaƙwalwa kowane ɗigo ya ci bait 4, ya tashi megabait 48 ke nan. In hannunka na ƙaiƙayi ka ƙara masa kwafi uku, ka ɗora wa ƙaramar salular ɗan tireda a Kasuwar Dole kusan megabait 200. Wayar ta ɗau zafi, caji ya zube, kai kuma a ambace ka da abin da ba ka so.

Shawara ta biyu: wanda yake son gani kawai, nuna masa wurin, kada ka kwafo masa. Manya sun riga ka gane haka. Tsohuwar hanyar tura fayil ta intanet tana kwafe shi sau 4 tsakanin faifai da katin sadarwa. Linux ta kawo sendfile a 1999 don rage wannan zirga-zirga, kuma manhajojin Nginx da Kafka suna cin moriyarta. Harshen C++ ya koyi miƙa kaya ɗungurungum ba tare da kwafi ba a 2011, ya ƙara da string_view a 2017, Python kuma tana da memoryview. Duk kyauta ne, sai dai lalaci ya hana ka ɗauka.

Wani zai ce kwafi ya fi kwanciyar hankali, tunda kowa da nasa, ba mai taɓa na wani. Yana da gaskiya. Idan sassa biyu suna duban abu ɗaya, ɗaya ya goge shi ɗayan bai sani ba, manhaja za ta faɗi, ko ɓarawo ya samu ƙofa. Amma maganin wannan shi ne a san mai kaya da lokacin da zai sake su, abin da harshen Rust ya mayar doka tun fitowarsa ta 2015. Wani kuma zai ce ƙwaƙwalwa ta yi araha. Ta yi wa mai sayen sabuwar kwamfuta, ban da mai tsohuwar waya da ke biyan dala-dala a shagon caji.

Shawara ta ƙarshe: kada zumuɗi ya sa ka shelanta yaƙi da kowane kwafi. Masu Linux da kansu sun ce tura bayanai babu kwafi ba ya biya sai sun haura kilobait 10 ko kusa da haka. Auna tukuna, gano kwafin da ke cikin madauki yana maimaituwa dubbai, shi za ka fara tsigewa. Ƙananan kuwa bar su su sha iska, kada garin neman gira ka rasa ido.